Shuɗiyar Motar Alhaji Mamman

Duk wanda ya zo wurina yana son koyon goge fentin tsohuwar mota, farin tsumma nake fara miƙa masa. Akwai wata ƙofar mota 504 ja da na jingine a bangon garejina a Hayin Banki, sai in ce ya je ya gwada hannunsa a kanta. Ya lakato man goge, ya murza sau biyar ko shida, ya ɗaga tsumman ya ga ya yi jawur, sai ka ga yana murmushi. "Oga, ka ga dattin da ya fita." Haka duk suke cewa, har yau ban sami wanda ya faɗi wani abu dabam ba. To ba datti ba ne. Fentin motar ne ya kwaso a hannunsa, kuma babu mai iya mayar da shi.

Ku samarin yanzu kun buɗe ido kun tarar da motoci masu fenti hawa biyu, launi a ƙasa, a sama kuma ruwan ƙyallin nan da muke kira kiliya. Irin wannan ko da inji ka murza, kiliyar kake ci, launin yana kwance lafiya a ƙarƙashi. Shi ya sa kuke kallon bidiyo a waya, ku ga mutum ya gama mota kafin shayinku ya huce, ku ruga kasuwar Panteka ku sayi inji, ku dawo kuna cewa ai aikin ba wuya. Motocin da, irin waɗanda aka haɗa a nan Kaduna, fentinsu hawa ɗaya ne. Launi da ƙyalli a haɗe suke, kaurinsu bai fi na takardar littafi ba. Idan rana ta dake shi shekara da shekaru sai samansa ya mutu, ya yi fari-fari, ka shafa yatsa ya bar maka gari. Aikinmu mu ɗauke mataccen mu bar mai rai. Wanda ya zarce ya isa firaima, wato shafen farko mai ruwan toka da ke kan ƙarfe, ya gama da fentin asali, sai dai a yi feshi.

A Kurmin Mashi na koyi aikin, wurin Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa. Bazazzagi ne gajere, mai faɗa, ba ya yabo. Shekarata ta farko ban wuce wanki ba. Motar farko da ya bari na goge ta wani malamin makarantar allo ce, koriya, rufinta ya ƙone da rana har ya koma kamar bayan tukunya. Ya sa na wanke ta da sabulun ruwa, na shafe rufin da man folish mai maiƙo, muka tura ta inuwa aka bar ta kwana biyu. Ya ce busasshen fenti sai ya sha mai tukuna, in ka murje shi da ƙishirwa rabinsa zai biyo tsumma. A rana ta uku na fara gugan, faɗin tafin hannu a lokaci ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki, Malam Inuwa ba ya kallon motar. Tsummokaran da na yar yake bi yana ɗagawa. Wanda ya ga koren ya yi duhu a jikinsa sai ya wurgo mini a fuska.

"Wannan na mai mota ne ko naka?" zai ce. "Wa ya ba ka?"

Shi ya koya mini tsoron tudu. Duk inda jikin mota ya yi layi ko kaifi, gefen ƙofa, bakin but, layin nan da ke tsakiyar bonet, fentin wurin siriri ne, domin tun ranar feshi ruwan yake gangarewa gefe. Kafin a fara aiki sai mun bi waɗannan wurare mun liƙe su da salatif. Da yatsa ɗaya da tsumma mai laushi ake taɓa su, shi ma a ƙarshe.

Na yi shekara kusan goma da buɗe nawa garejin lokacin da Alhaji Mamman ya kawo mini motarsa. Dattijo ne daga Unguwar Dosa, dogo, ya yi ritaya daga ofishin ajiyar fayil na wata ma'aikata. Motar 504 ce shuɗiya mai duhu, sabuwa ya saye ta, kuma ba wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi. Shuɗin ya dushe, bonet da rufi sun yi fari-fari, amma babu lotsa ko ɗaya a jikinta. Ya ce ya je gareji uku, kowa yana cewa a yi feshi.

"Ni ba sabon fenti nake so ba, Malam Sale," ya ce mini. "Nata nake so. Wanda ta fito da shi."

Na ce, "Alhaji, ai ko an fesa irin launin za a yi. Ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Shekara talatin da biyar ina aikin takarda, ban taɓa shafa farin ruwan nan na ɓoye kuskure ba. In na yi kuskure layi ɗaya nake ja a kai, in sa hannu a gefe, kowa ya gani. Wannan motar ita ce abin da na fito da shi daga aikin gwamnati. In ta tsufa ta tsufa a yadda take. In za ta gyaru ba feshi, ka gyara. In ba za ta gyaru ba ka faɗa mini in tafi da abata."

Na buɗe ƙofar direba na gwada a wani lungu, na ga akwai sauran nama, wato kauri, a fentin. Kwana shida na yi a kanta, da hannu. Ranar da ya zo ɗauka ya zagaya ta sau biyu, sannan ya cire tabarau ya goge ido da bakin babbar riga. Na ba shi sharaɗi biyu, kada ta riƙa kwana a ƙarƙashin bishiya saboda kashin tsuntsu, kuma kada a wanke ta da garin sabulun wankin kaya, sai da sabulun ruwa. Wannan al'adar ma'aikata ce a garin nan, kowace safiya a kaɗa garin sabulu a bokiti a wanke mota kafin a tafi ofis, ana ganin tsabta ce, alhali maiƙon fentin ake tsotsewa. Ya ciro biro ya rubuta duka biyun a bayan wata ambulan. Daga nan ya zama duk ƙarshen damina yana kawo ta, in shafa mai, in sa kakin folish, ba na cire komai daga jikinta. A haka da fentin zai iya kai motar har ƙarshen rayuwarta.

Sai shekarar da motocin Kwatano, na hannu da ake shigowa da su, suka cika gari. Kowa ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayi 'yar Kwatano mai kiliya, tsofaffin kuma suka koma hannun direbobin tasha, waɗanda ba ruwansu da ƙyalli muddin inji yana tashi. Sai in yi mako guda ban ɗauki tsumma ba. Abokan sana'a wasu suka koma feshi, wasu suka kama acaɓa. Ni kuma wani dillalin motoci a Kawo ya ce zai riƙa ba ni 'yan Kwatanonsa ina goge masa kafin ya kasa su, amma yana son uku a rana. Hannu ba ya yin uku a rana. Na sayi inji na hannu, mai faifan ulu. Kuma gaskiya a kan kiliya abin ya yi mini daɗi, cikin wata biyu na fara jin cewa Malam Inuwa wahalar da mu kawai ya yi.

A cikin wannan hali Alhaji Mamman ya kawo motarsa kamar yadda ya saba, wata safiyar Laraba. Akwai motocin dillali biyar suna jirana. Na dubi bonet ɗin na ga ya ɗan dushe kaɗan, abin da mai da haƙuri za su gyara. Na ce a raina bari in wuce da inji sau ɗaya, sama-sama, ai hannuna ya san nauyinsa. Ban ko tsaya liƙa salatif ba. Gefen hagu ya tafi lafiya, ƙyallin ya taso har ina jin daɗi. Da na zo layin tsakiya sai bakin faifan ya hau tudun. Ban fi ƙiftawar ido a wurin ba. Na ɗaga injin na ga ulun ya yi shuɗi, a kan layin kuma ga toka-toka, tsawon ɗan yatsa.

Na kashe injin na zauna a kan taya. Na san abin da ya kamata in yi, domin mutumin ya riga ya faɗa mini yadda yake so a yi da kuskure. Da na jira shi na nuna masa, watakila ya yi fushi, watakila ya daina zuwa, amma tabon zai tsaya a tsawon ɗan yatsa har abada. Kunya ta hana ni. Shi ne mutumin da ke zama a majalisa bayan la'asar yana cewa a Kaduna Sale kaɗai ya rage mai tsoron Allah a masu fenti. Na aika masa cewa motar tana bukatar ƙarin kwana uku ta sha mai.

Na iya haɗa launi, wannan ba yabon kai ba ne. Na cire murfin tankin mai na tafi da shi wurin masu sayar da fenti, na yi wuni ina ɗiga baƙi da ɗan ja a cikin shuɗi har ya zo daidai. Na fesa wurin siriri-siriri, na baje gefensa ya kai faɗin faifai don kada a ga iyaka, ya bushe, na bi da samfefa mai laushi da ruwa, na goge. Da na gama ni kaina sai na karkata kai nake ganewa. Alhaji ya zo ranar Asabar, ya shafa bonet ɗin da tafin hannu, daidai kan wurin.

"Kai, bana ta fi kowace shekara," ya ce. "Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Na ce amin.

Ga abin da ban lissafa ba, kuma shi nake so ku riƙe. Tsohon fenti da sabo ba sa tsufa tare. Da aka yi rani ɗaya da damina ɗaya, na asalin ya dushe kamar yadda ya saba, facin kuwa yana nan da ƙuruciyarsa. Da ya kawo ta a shekara ta gaba, tun daga bakin titi na hango da'ira mai duhu a tsakiyar bonet. Shi bai lura ba, idonsa ya fara rauni, ya ɗauka inuwar gajimare ce ko ƙura. Mai da kaki ba za su daidaita su ba. Hanya ɗaya ce, in ci saman tsohon fentin har in isa shuɗi mai duhu irin na facin. Na ɗauki man goge mai kaifi, wanda ban taɓa kusantar motar da shi ba, na ci bonet ɗin gaba ɗaya. Da bonet ya fi gefe ƙyalli sai na ci gefen ma, don kada a ga bambanci.

Haka na yi shekara shida. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa masa, kowace shekara kuma maganar tana ƙara nauyi, domin yanzu ba tabon ɗan yatsa kaɗai zan yi bayani ba. Shi kuwa bai fasa turo mini mutane ba. Tsofaffin abokan aikinsa da suka riƙe motocinsu duk ta hannunsa suka san ni, da su na farfaɗo bayan dillalin ya sami mai yi masa huɗu a rana. Wani ya zo ya ce, "Alhaji Mamman ya ce motarsa ko ɗigon fenti ba a taɓa sa mata ba." Sai in ce haka ne. Tsummokaran motarsa ba na yar da su a gareji, a leda nake ƙullewa in kai bola. Ba wanda zai duba su, amma ba na son ganinsu.

A shekara ta bakwai fentin ya ƙare. Ya kawo ta da kansa, tun damina ba ta ɗauke ba. Kewaye da facin, inda na fi ci, toka-tokar firaima ta fara leƙowa, ta yi zobe. Tsakiya shuɗi lafiya lau, gefe kuma kamar gwiwar tsohon wando. Ya tsaya da sandarsa yana nuna mini.

"Malam Sale, me ke cin motar nan? Kullum a rumfa take."

Wannan ita ce rana ta biyu da Allah ya buɗe mini ƙofa. Duk mai fenti da ya ga wannan zoben zai gane labarin cikin minti ɗaya. Shi ba mai fenti ba ne, kuma ni kaɗai ya yarda da shi. Na durƙusa kamar ina dubawa, na shafa wurin, sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, da me ake wanke ta kwanan nan?"

Tambaya ce kawai, har na daɗe ina kare kaina da hakan. Ya dubi ƙasa. Can ya ce, "To. Allah ya kyauta." Na ce a yi feshi, zan yi masa da hannuna. Ya girgiza kai ya ce a bar ta haka. Ya shiga ya tafi, kuma damina biyu suka wuce bai kawo ta ba. Na ji an ce ba ya jin daɗi, ƙafa ta kumbura, an hana shi tuƙi. Sau uku ina kama hanyar Unguwar Dosa in gaishe shi, ina zuwa kwanar gidan sai in wuce.

Wata ranar Juma'a da hantsi ina wanke wata mota sai ga shuɗiyar ta tsaya a bakin garejin. Babban ɗansa ne ke tuƙi, Alhaji yana gefe, ya rame har hular ta yi masa yawa. Ɗan ya fito ya gaishe ni, ya ce likitoci sun ce za a yi wa Baba aiki a mako mai zuwa, shi ne ya ce a zagaya da shi wurin mutanen da ya yi hulɗa da su ya nemi gafara. Sun je wurin mai nama, sun je wurin tela, sun je gidajen abokan aiki. Kun san yadda dattawanmu suke yi in sun ji jiki. Na goge hannuna a riga na zagaya wajen tagarsa na durƙusa.

"Alhaji, ya jiki?"

"Da sauƙi, Malam Sale. Ba zan iya fitowa ba, ka yi haƙuri." Ya kama hannuna, nasa ba nauyi. "Akwai maganar da na riƙe, ita ta hana ni zuwa. Ranar da ka tambaye ni da me ake wanke motar nan, ban ba ka amsa ba. Lokacin da Hajiya ta kwanta asibiti, sabulun da ka ce ya ƙare, hankalina ba ya wurin. Na yi kusan wata guda ina wanke ta da garin sabulu. Da hannuna. Ka gargaɗe ni, har na rubuta. Shekara da shekaru kana wahala a kan motar nan, ni kuma na lalata maka aiki, na kuma ɓoye maka. Ka yafe mini."

Wata guda na garin sabulu ba ya yin abin da ke kan bonet ɗin nan. Ko shekara guda ba ta yi. Zoben yana gabana, da na miƙa hannu zan taɓa shi. Ɗansa yana tsaye a bayana yana jira, akwai sauran gidaje da za su je kafin masallaci. Na dubi fuskar dattijon, na ce wa kaina mutum mai shirin shiga ɗakin tiyata ba a ɗora masa irin wannan magana. Na san ba don shi na faɗi haka ba.

Na ce, "Na yafe, Alhaji. Ni ma ka yafe mini."

Ya yi 'yar dariya. "Kai kuma me ka taɓa yi mini, Sale?"

"Zaman tare ne, Alhaji. Ba a rasa wani abu."

"To na yafe, wanda na sani da wanda ban sani ba." Ya saki hannuna, ya ce wa ɗansa su tafi.

Bai tashi daga aikin ba. Na je jana'iza, na tsaya a sahu na uku, motar tana cikin rumfa an lulluɓe ta da tamfol. Bayan sadakar bakwai na sami wani malami a unguwarmu na kwashe labarin duka na faɗa masa, shi ne mutum na farko da ya ji. Ya ce tunda marigayin ya furta ya yafe har da wanda bai sani ba, ana kyautata zaton yafiyar ta wadatar, in yawaita yi masa addu'a. Ina yi, ban taɓa fashi ba. Yafiya dai na samu. Amma Alhaji Mamman ya tafi yana ganin shi ya lalata motarsa da hannunsa, har ya tako da ciwo ya ba ni haƙuri, ni kuma na ce masa na yafe.